Babbar Sallah ta matso: tambayoyin da ake ta yi mani kan lafiya, hidima da zumunci

Da yake mutanen unguwa sun san aikin jinya nake yi a nan Birnin Kebbi, duk sanda watan Zulhajji ya kama to wayata ba ta hutawa, daga mai tambayar ko ta ci kayan ciki sai mai cewa yaro ya kwana yana amai sai wadda ma ba ciwo ne ya kawo ta ba, magana ce kawai ta cika mata ciki ta rasa wa za ta gaya ma. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne duk shekara, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda. Abin da zan faɗa ba zai maye maka ganin likita ba, wanda jikinsa ya rikice ya tafi asibiti, kar ya tsaya karatu a waya.

Ina da hawan jini, 'ya'yana sun ce ko ƙuri'a ɗaya ta nama ba zan ci ba bana. Haka ne?

Baba 'ya'yan naka sun yi tsanani, amma kuma ba su yi ƙarya duka ba. Naman kansa in ka ci daidai misali, tsoka mara kitse, ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin da ke tayar da jini a satin Sallah gishiri ne, kuma gishirin nan ba a gwangwanin gishiri kaɗai yake ba, yana cikin dunƙulen maggi da ake marmasawa biyar shida a tukunya ɗaya, yana cikin yajin da ake dangwalawa, yana cikin romo, kanwa ma danginsa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kar ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duka duka har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. To ka lissafa da kanka, ka ci soye da yaji da safe, da rana an kawo farfesun kai da ƙafa daga gidan maƙwabci, da dare ga dambun nama, kwana uku a jere ana haka.

Amma wallahi abin da ya fi ba ni tsoro ba cin naman ba ne, barin magani ne. Mutum maganinsa ya ƙare ana saura kwana biyu Sallah, kuɗi duk sun tafi wurin rago da tela, sai ya ce bari dai a yi Sallah tukuna. Wannan "bayan Sallah" ɗin ita ce ke kawo muna mutane a kwance. Maganin hawan jini ba a shan sa don an ji ciwon kai, kullum ake sha ko kana jin garau, don shi wannan ciwon sau da yawa ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna. Ka sa kuɗin maganin cikin lissafin Sallah tun farko, ka saya kafin masu kemis su rufe su tafi garuruwansu. In akwai na'urar awo a gida ko wurin maƙwabci ka auna, in kana ganin 140 bisa 90 ko sama da haka a kai a kai to maganar ta likita ce. Kuma in gajiya ta sa jiki ciwo a bar su diclofenac da ibuprofen, suna iya ɗaga jini su kuma ci ciki, farasitamol ya fi sauƙi.

Ga abin da nake so kowa a gidan ya haddace, har yara masu wayo. In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe mutum yana so ya faɗa ba ta fita, to shanyewar ɓarin jiki ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. A sa shi a mota nan take. Ana iya yin addu'a a cikin motar ai. Kar a ɗura masa ruwa ko rubutu ko zuma a baki, don maƙogwaro ma yana iya shanyewa abin ya wuce huhu.

Mai ciwon suga hwa? Mahaifiyata tana son ta yi azumin Arfa, kuma ranar idi ba ta cin komi sai an yanka ta ci hanta.

Allah ya ba Inna lada, amma a duba irin maganin da take sha. In allurar insulin take yi, ko ƙwayoyin nan masu saukar da suga da ƙarfi, to shan magani da safe sannan a zauna da yunwa har azahar ana jiran mahauci haɗari ne, sugan na iya faɗuwa ƙasa warwas. Alamarsa zufa mai sanyi, karkarwa, jiri, bugun zuciya, wani lokaci mutum ya fara magana ba kan gado ko faɗa ba dalili har a zaci rikicin tsufa ne. In tana cikin hayyacinta a dama suga cokali uku a ruwa a ba ta, ko rabin kwalbar lemo, bayan kwata ɗin awa in ba ta dawo daidai ba a ƙara, sannan ta ci abinci na gaske. In ta suma ba a zuba komai a baki, sai asibiti. A na'ura, ƙasa da 70 ya yi ƙasa.

Azumin Arfa nafila ne, jinkirta karin kumallo ranar layya ma mustahabbi ne, ba wanda zai ce mara lafiya ta yi laifi don ta ci. Ku tambayi likitanta tun kafin ranar. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne yawon gaisuwa, kowane gida aka shiga a dire mata lemon kwalba da cincin da kek, ita kuma kunya ba za ta bari ta ce a'a ba. Ke da kike rakiyarta ki riga ta magana, ki ce Inna ruwa take sha, shi ke nan kin ɗauke mata nauyi. Insulin kuma in ba wuta, a sa shi a leda a ɗaure a ajiye a gindin randa inda ke da sanyi, kar a bar shi a mota ko a rana, kar kuma a sa shi ya daskare.

Ba mu samun wuta sosai, yaya za mu yi da naman?

Iyayenmu ba su da firij kuma namansu yana kai wata da watanni, don sun san abu ɗaya, ruwan jikin nama shi ke ɓata shi. Kayan ciki a gama da su ranar, su ne ke fara lalacewa. Masu yin tareni, a tsire ragon a jikin itace a jera a kewaye wuta, ku lura da cinya da kafaɗa, waje yana iya yin ja yana ɗigar mai har ka ji yawu ya tsinke amma in ka tsaga can kusa da ƙashi da sauran jini jini, to irin wannan wurin kar a bari ya kwana biyu a haka, a yanyanka a soya. Suya kuma a yi ta har kumfan ruwan ya ƙare man ya yi shiru, a tsame, a baza a faranti ya huce sarai kafin a rufe. In kika zuba shi da zafi a bokitin roba kika danne murfi, gumin da zai yi shi ne zai sa ki ga fari fari a jiki bayan kwana uku.

Firij ɗin da wuta ke zuwa awa biyu ta ɗauke awa goma ya fi rashinsa haɗari, nama ya daskare ya narke ya sake daskarewa, kina ganin kamar kin adana alhali ruɓewa yake a hankali. In kin buɗe kin ji ya canza wari ko ya yi yauƙi, a zubar, yaji ba ya kashe guba. Kuma wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama kar a yanka kabeji da tumatirin da za a ci ɗanye da su sai an wanke da sabulu. In aka feɗe aka ga hanta ko huhu da ƙuraje ko ruwan ƙulli ƙulli, a cire a binne, kar a ce a ba almajirai.

Yarona ya ci nama ya wuce misali, tun jiya gudawa da amai. In ba shi Flagyl?

A'a 'yar uwa, ba Flagyl ne farko ba. Abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, don haka ruwan gishiri da suga shi ne kan gaba. In kina da na leda na kemis, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, lita ɗaya, wato ledar fiya wata mai rabin lita guda biyu, ki sa ƙaramin cokalin shayi 6 na suga a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin nan na gishiri. Kar ki ƙara gishiri don ki ga ya yi ƙarfi, yawansa illa ne. Ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan da cokali, in ya yi amai ki jira minti goma ki ci gaba. Wanda ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Ki haɗa da ƙwayar zinc ta yara kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, in yana shan nono kuma kar ki fasa.

Ki ɗauke shi zuwa asibiti ba jira in idonsa ya faɗa, ko ya ƙi shan komai, ko ya yi laushi yana ta barci ba ya kula ki, ko akwai jini a kashin, ko ya yini bai yi fitsari ba. In kuma gudawar fara ce tsululu kamar ruwan shinkafa tana zuba ba tsayawa, babba ne ko yaro, a yi zaton kwalara a ruga, awa kaɗan ta ishe ta ta kayar da ƙato.

Zazzaɓi ya kama ɗiyata jajibiri, in sayi maganin maleriya kawai?

A gwada tukuna, gwajin nan na ɗigon jini a yatsa minti 15 zuwa 20 ne. Gaskiya ne a nan Kebbi zazzaɓin cizon sauro ya yi muna katutu, binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a jihar nan suna ɗauke da ƙwayar cutar, mu ne a sama a duk Najeriya a lokacin, kuma ba mamaki in ka dubi fadamu da gonakin shinkafa tun daga Argungu har Suru da Yauri. Shi ya sa da aka fara allurar rigakafin maleriya a watan Disamba na 2024 da Kebbi da Bayelsa aka fara, ana yi wa jarirai daga wata biyar, sau huɗu ake yi, mai jariri ta duba katinta. Amma duk da haka ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, a yi tunanin sanƙarau, ba mu manta yadda ya shiga Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025 ba. Yaron da ya yi jijjiga shi ma asibiti ne, a kwantar da shi ta gefe, kar a tura masa cokali a baki.

Sallar layya tana ja baya da kamar kwana 11 duk shekara, yanzu tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen zafi da farkon damina, ga zafi ga sauro ya fara. Baƙi sun cika gida an baza tabarmi a tsakar gida, gidan sauron bai isa ba. To yara ƙanana da masu ciki su za a fara ba.

Ina da ciki wata takwas, a gidan surukai za mu yi Sallah, kuma ni ce amarya ƙarama. Ina jin kunyar in zauna ana aiki.

Na san wannan kunyar, kuma na san yadda ake kallon wadda ta zauna. Amma tsayuwa a kan kaskon suya daga hantsi har magariba cikin hayaƙi da zafin da ke haura digiri 40 ba na mai wata takwas ba ne. Dabarar ita ce kar ki zauna hannu sake, ki ja kujera 'yar tsugunno ki zaɓi aikin zaune a inuwa, gyaran kayan miya, ƙulla naman rabo a leda, kula da yara. Kuma maganar nan mijinki ne ya kamata ya yi ta da Hajiya tun kafin ku iso, ya ce likita ya hana ta daɗewa a tsaye, daga bakinsa ta fi sauƙin karɓa. Maza ku ji wannan da kyau, jimla ɗaya ce a wurinku, ita kuma yini guda ne na wahala.

Ki sha ruwa sosai. Ki tafi da katin awonki duk inda za ki. Jini, ko fashewar ruwa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko ɗa ya rage motsi, ba a jira a gama rabon nama. Mai jego ita ma, in tana haki ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafafu sun kumbura, a kai ta a duba zuciyarta, kuma a sassauta kunun kanwa, an daɗe da sanin yana da hannu a ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa.

Baƙin lalle yana da illa?

Jan lalle na ganye lafiya lau. Dayis ne matsalar, akwai sinadarin rina gashi a ciki wanda wasu fatarsu ba ta ɗauka, bayan kwana ɗaya ko biyu, wani ma har sati biyu, zanen ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, wani har tabo.  Ni dai ba na son a sa wa ƙananan yara shi sam. Kitson Sallah ma a daina ja har goshin yarinya ya yi ƙyalli tana kuka.

Ƙuna da yankan wuƙa fa, mi ake yi?

Ƙuna ruwa mai sanyi ake zubawa, na randa ko na famfo, a yi ta zubawa har minti 20. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, ba baƙin mai. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kar a fasa ƙurjin, a rufe da ƙyalle mai tsabta. In ta fi tafin hannun wanda ya ƙone girma, ko a fuska take ko a gaba, ko ƙaramin yaro ne, asibiti. Yanka kuma a danne da ƙyalle a ɗaga hannun sama, ba a zuba ƙasa ko toka, in ya yi zurfi a je a ɗinke a yi allurar tetanus. Kaskon mai a sauke shi a lungu, yawancin yaran da ake kawo muna ba a kan wuta suka ƙone ba, man da aka sauke aka ajiye a hanya ne suka faɗa suna guje guje. Janareta kuma a waje can nesa da taga, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci, haka garwashi a ɗaki rufe.

Bana ban da kuɗin rago. Ko barci ban yi, ina tunanin yadda yara za su ga an yanka a maƙwabta.

Malam Allah ya buɗa, kuma ka sani layinku kaɗai akwai irinka da yawa, kowa ya yi shiru ne yana zaton shi kaɗai ne. Layya a kan mai hali take, ka tambayi limaminku zai gaya maka haka. Abin da nake gani yana karya magidanta ba rashin ragon ba ne, bashin da aka ci don a rufe ido ne, a yi Sallah kwana uku a yi wata huɗu ana ɓuya wa mai rago, ga kuɗin makaranta ga taki ga damina ta kama. Rashin barcin nan da kake yi shi kansa yana tayar da jini.

Ka zauna da uwargida ku yi maganar tun yanzu, kar ka bar ta tana jira har jajibiri tana kallon ƙofa. Mata sun fi yadda kuke zato iya rufa asiri in an gaya masu gaskiya da wuri. Yara kuma a gaya masu daidai hankalinsu, a yi masu abinci mai daɗi, a wanke masu kaya a goge, a kai su kallon hawa. Ku kuma da Allah ya hore wa, dan Allah rabon nama a fara da gidan da aka san ba su yanka ba, kuma a kai da wuri ranar farko, tsoka mai kyau, ba sai rana ta uku a aika yaro da ƙashi da tumbi a baƙar leda ba. Sannan wannan ɗora hoton rago a WhatsApp ana juya shi ta kowane gefe, ni dai ban ga ladan da ke ciki ba.

Za mu tafi gida Yauri da yara, wace shawara?

Ku tashi da safe ku isa da rana, tafiyar dare a bar ta, ko don hanya ko don halin tsaron da ake ciki. In direba ya cusa mutum biyu a gaba huɗu a baya ga buhu a kan but yana gudu kamar zai tashi, ku yi magana, kuɗinku kuka biya. Ruwan sha, maganin da kowa ke sha kullum, ledar ruwan gishiri da suga, su shiga jaka kafin kayan kwalliya. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ta gaggawa 122 ce. Masu tsallaka ruwa ta wajen Yauri da Ngaski, jirgin da ya cika kar a shiga ko da shi ne na ƙarshe, a sa rigar kariya in akwai, kuma ba a shiga ruwa da duhu ko hadari ya haɗo. Abin da ya faru kusa da Warrah a watan Mayu na 2021, inda jirgi ɗauke da mutane fiye da kima ya nutse aka rasa rayuka masu yawan gaske, har yau akwai gidajen da ba su warke ba. Samari masu wasa da babur ranar Sallah kuwa, iyaye ku riƙe makulli.

Ƙawata mijinta ya rasu watan da ya wuce, tana takaba. Ina son in je amma ban san mi zan ce ba, ina tsoron in tayar mata da hankali.

Ki je. Hankalinta a tashe yake ko kin je ko ba ki je ba, abin da zai ƙara mata ciwo shi ne ta ji unguwa ta kaure da kabbara da ƙamshin suya, ita kuma ƙofarta ba wanda ya taɓa. Lokacin zaman makoki gida cike yake, bayan sadakar bakwai kowa ya watse, to Sallar farko ita ce ranar da rashin ke dawowa sabo, wurin da yake ɗaure rago yana nan, hularsa ta idi tana nan a rataye. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, ba za ta fita yawon gaisuwa ba, sai dai a zo mata. Zumunta a ƙafa take.

Ba sai kin iya magana ba. Ki gaishe ta, ki yi wa mamacin addu'a da sunansa, ki zauna. In ta yi kuka ki bar ta ta yi, kar ki yi saurin cewa haba ki yi haƙuri ai kuka ba kyau, ta san haƙurin, an faɗa mata shi sau ba adadi. In ta ɗauko labarinsa ki saurara, ko kin taɓa ji. Kuma kar ki ce "in kina buƙatar wani abu ki gaya mani", wallahi ba za ta faɗa ba, kunya ba za ta bari ba. Ki duba da idonki ki yi. Ki ce gobe zan aiko a ɗauki yara a kai su kitso tare da nawa. Ki karɓo ɗinkinsu wurin tela. Ki kawo naman a soye don ba ta da ƙarfin tsayuwa a kan wuta. Maigidanki ya tafi da yaran maza idi tare da nasa. Sannan ki sake komawa bayan sati biyu lokacin da hayaniya ta kwanta, wannan zuwan ya fi na ranar Sallah nauyi a wurinta.

Haka 'yan uwanmu da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu suke zaune a raɓe a gidajen dangi ko kangaye a cikin gari. Da yawansu da garkensu suka saba yanka, yau su ake miƙa wa. A ba su da mutunci, a zauna a gaisa, kar a tsaya ɗaukar hoto.

Ni kuma ba abin da na rasa, amma Sallah ba ta yi mani daɗi, kuka nake ji kawai. Rashin godiya ne?

Ba rashin godiya ba ne ƙanwata, kuma ba ke kaɗai ba ce. Wata gajiya ce ta sati biyu ba barci, wata tambayoyin dangi ne, har yanzu shiru? yaushe za mu sha biki? ke ba ki ƙara haihuwa ba? ana yi ana dariya ita kuma tana haɗiyewa. In na kwana biyu ne ya wuce bayan kin huta, to shi ke nan. Amma in ya kai sati biyu ko fiye kullum zuciya a cunkushe, ba barci ko barci ya yi yawa, abinci ba ya shiga, abin da kike so da duk ya fita ranki, to wannan ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar sauran kuma ana maganinsa. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna. Ki fara gaya wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, sannan ki je asibiti ki faɗa kamar yadda kika faɗa mani, in da buƙata za su tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai babban asibitin tarayya na wannan fannin a Kware ta jihar Sakkwato, zuwa can kuma ba ya nufin hauka. In har tunanin cutar da kanki ya taɓa zo maki, yau za ki faɗa wa wani, kar ki kwana da shi ke kaɗai.

Ku kuma masu tambayoyin nan a taron dangi, ku rage dan Allah.

Asibiti na aiki ranar Sallah kuwa?

Sashen gaggawa da ɗakin haihuwa ba sa rufewa, akwai masu duti dare da rana, mu ma da yawanmu a can muke cin namanmu a leda. A Birnin Kebbi da kewaye ga asibitin Sir Yahaya, ga asibitin koyarwa na tarayya, ga na Kalgo, sauran garuruwa kuma babban asibitin ƙaramar hukuma. Abin da ke tsayawa shi ne ganin likita na yau da kullum, don haka mai ranar asibiti da ta faɗo cikin hutu ya je kafin. Tun jajibiri ku san motar wa za a ɗauka in abu ya taso da dare, a bar mai a cikinta, a riƙe lambar mai Keke ɗaya na unguwa, a kuma ware 'yan kuɗi a hannu don transfa tana yawan maƙalewa ranakun nan, masu POS ma sun tafi idi. In za ku zo ku taho da kwalayen duk magungunan da mara lafiyan ke sha, har na gargajiya, a faɗa muna gaskiyar abin da aka ba shi a gida.